Ɗoɗɗoya a Tsakar Gida: Yadda Ake Dasa Ta, a Yanke Ta, a Yi Magani da Ita

Duk wanda ya taɓa murza ganyen ɗoɗɗoya a tafin hannu ya san ƙamshinta ba ya barin yatsu da wuri. Ƙamshin nan wani mai ne da ke taruwa a cikin 'yan mitsi-mitsin ƙuraje a jikin ganyen, kuma shi ke ɗauke da mafi yawan abin da ake nema a wurinta, a tukunya ne ko a magani. Mai ne mai saurin tashi. Rana ta doki ganyen da aka tsinka, ya gudu. Tafasa ta yi yawa, ya bi tururi. Saboda haka duk abin da zai zo a nan, tun daga wurin dashe har zuwa yadda ake dafa shayinta, dabara ce ta sa shukar ta tara man da yawa, sannan a kai shi inda ake bukata bai salwanta a hanya ba.

Da farko ka tabbatar wace ɗoɗɗoya ce a hannunka

Shuke-shuke fiye da ɗaya ne ke amsa wannan suna a ƙasar Hausa. Akwai 'yar ƙarama mai ƙananan ganye da ke fitowa da kanta a gonaki da bayan gari idan damina ta sauka, ta yi iri ta bushe da kaka. Akwai kuma wata da ke cika bakin hanya da kangaye, doguwa, mai gashi-gashi da danƙo a ganye, furenta shuɗi-shuɗi, wadda wasu ke kira ɗoɗɗoyar daji. Asalinta ma daga nahiyar Amurka ta zo. Ba su muke nufi ba.

Wadda muke magana a kai ita ce babbar, ta gida, wadda masana tsirrai ke kira Ocimum gratissimum tun da Linnaeus, wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Sweden, ya raɗa mata sunan a 1753. 'Yar dangin na'ana'a ce. Ba ta mutuwa da ƙarewar damina, gindinta yana zama itace, tana kai mita 1 zuwa 2, wani lokaci har 3 a inda ruwa ya wadata. Idan ka taɓa sabon reshenta za ka ji yana da kusurwa huɗu. Ganyen yana fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, faɗinsa ya kai yatsu uku ko huɗu, bakinsa da tsaga-tsaga. Furen ƙanana ne, fari-fari ko ruwan ɗorawa-ɗorawa, a jere a kan wani tsinke a ƙarshen reshe. Idan a kasuwar Sabon Gari za ka nema, wurin masu sayar da ugu da shuwaka, Yarbawa na ce mata efinrin, Ibo nchanwu, a Gana kuma nunum.

Wani abu da ya kamata a sani tun yanzu: ba duk gindi ne ke da mai iri ɗaya ba, ko da kamanninsu ɗaya. Farfesa Abayomi Sofowora na Jami'ar Ife ya yi rubutu a kan wannan bambanci tun 1970. A wasu, sinadarin da ya fi yawa shi ne eugenol, wanda ke ba kanumfari ƙamshinsa. Irin wannan ya fi yawa a Indiya da Burazil da gabashin Afirka. A yammacin Afirka kuwa an fi samun mai thymol, mai ƙamshi da kaifi da ɗan yaji a harshe. Dukansu biyu suna da ƙarfi a kan ƙwayoyin cuta. Abin da wannan ke nufi ga mai shuka shi ne ya zaɓi uwa da hancinsa. Ka murza ganye daga gindi biyu ko uku, wanda ya fi bugun hanci shi za ka ɗebi reshensa.

Wuri da ƙasa

Tana son rana, aƙalla rabin yini. Wadda ta tashi a inuwa mai duhu takan yi tsawo siriri, ganye manya amma ƙamshi salam. Sai dai a can arewa, irin su Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, ranar bazara daga azahar zuwa la'asar tana ƙona ganye. A irin waɗannan wurare mafi kyau shi ne gabashin katanga ko gabashin wata bishiya, inda za ta sha ranar safe har tsakar rana, sannan inuwa ta rufe ta da yamma.

Ƙasa kowace iri tana karɓa matuƙar ruwa ba ya kwanciya. Jigawa mai taki ta fi mata laka. Mutane da yawa suna dasa ta a bakin rariya ko kusa da wurin alwala don ta riƙa samun ruwa kyauta, kuma dabara ce mai kyau idan ruwan mai tsabta ne yana wucewa. Amma ruwan wanki mai omo da ruwan makewayi ba su dace da ganyen da za a ci ɗanye ko a ba marar lafiya ba. A wannan ba na sassautawa.

Ka haƙa rami zurfin kamu ɗaya, faɗi ma haka. Ƙasar da ka fitar ka gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya taki. Kashin awaki ko na shanu da ya daɗe ya huce ya fi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Ka watsa ɗan toka a ƙasan ramin saboda gara. Wanda ke gidan haya ko gidan da aka shafe da siminti, tsohon bokiti mai cin lita 20 ko buhun siminti da aka wanke ya isa gindi ɗaya, da sharaɗin a huda ƙasansa wuri huɗu ko biyar.

Dashen reshe, hanyar da ta fi sauƙi

Idan gindi biyu ko uku kake so don amfanin gida, kada ka wahalar da kanka da iri. Reshe ya fi sauri, kuma abin da ya fito zai ɗauko ƙamshin uwarsa sak, abin da iri ba ya ba da tabbacinsa.

Ka je wurin uwar da sassafe ko bayan la'asar. Ka nemi reshen da ya fara ƙwari amma bai zama busasshen itace ba, kaurinsa kamar fensir, wanda bai yi fure ba. Ka yanko tsawon taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20, mai gaɓa uku ko huɗu. Yankan ya zama da wuƙa mai kaifi, dab da ƙasan gaɓa, domin daga gaɓar saiwa ke fitowa. Karya reshe da hannu yana tsaga ɓawon, nan ne ruɓa ke shiga. Ka zage ganyen ƙasa duka, ka bar biyu ko huɗu a sama, su ma idan manya ne ka rage rabinsu da almakashi don kada su zuƙe ruwan reshen kafin ya yi saiwa.

Daga nan hanya biyu ce. Ko dai ka tsoma shi a kofin ruwa, gaɓa biyu a ciki, ka ajiye inda haske ke shiga amma rana ba ta bugawa, kana sauya ruwan duk bayan kwana biyu. Ko kuma ka soka shi kai tsaye a leda mai ƙasa da yashi, gaɓa biyu a binne, ka danne gefensa da yatsa. Ledar ruwan sha da aka yanke bakinta aka huda ƙasanta tana yin aikin. Ta ruwa tana da daɗi don kana ganin farar saiwa na fitowa da idonka, amma saiwar ruwa tana da laushi, takan sha wuya idan an mayar da ita ƙasa. Ni na fi son ta leda. Cikin mako biyu zuwa huɗu za ka ga sabon toho, alamar ya kama. Ka dasa fiye da abin da kake bukata, domin ba duka ke kamawa ba.

Ko damin ganyen da aka sayo a kasuwa don miya, idan bai kwana ya yi yaushi ba, ana iya zaɓar masu ƙwarin ciki a dasa.

Lokacin da ya fi shi ne farkon damina, Yuni zuwa farkon Yuli, bayan ruwa ya zauna. A marka, cikin Agusta, danshi kan yi yawa reshe ya ruɓe kafin ya kama. Da hunturu kuwa sanyi da busasshiyar iska suna sa shi nawa. Idan ya kama, ka mayar da shi ramin da yamma, ka yage ledar a hankali kada ƙasar ta warwatse, ka ba shi ruwa sosai, ka kafa masa ɗan karan dawa ko reshen darbejiya ya yi masa inuwa na kwana uku ko huɗu.

Idan da iri za ka fara

Mai son cika fangali da yawa, na sayarwa, shi ke bukatar iri. Ana samunsa a kan tsinken furen da ya bushe ya koma ruwan ƙasa. A murza a kan faifai, a fece ƙaiƙayin a hankali. Ƙwayar ƙanana ce ƙwarai, ba ta kai ta riɗi ba. Don haka a gauraya ta da busasshen yashi kafin a yafa a kan lallausar ƙasa, in ba haka ba za ta taru wuri ɗaya. Kada a binne ta. A danna da tafin hannu kawai, ko a barbaɗa ƙasa sama-sama yadda da ƙyar za ta rufe. Kuskuren da ya fi kashe irin ɗoɗɗoya shi ne zurfi, na biyunsa kwara ruwa da bokiti. A yayyafa da gwangwanin da aka huda, safe da yamma, a rufa da ciyawa kaɗan har ta tsiro, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Idan ta kai rabin taƙi zuwa taƙi, bayan mako biyar ko shida, sai dashe.

Tazara ta danganta da niyya. Mai yanka akai-akai don kasuwa zai iya barin santimita 50 tsakanin gindi da gindi. A gida, inda ake so ta yi reshe ta baje, a ba ta mita guda.

Reno: damina, hunturu, bazara

Da damina kusan ba ta bukatar komai sai cire ciyawa da lura kada ruwa ya kwanta a gindinta. Aikin da ke da muhimmanci a wannan lokaci shi ne tsinke kai. Idan ta kai kamu ɗaya, ka tsinke tohon saman da farce. Daga gaɓar da ke ƙasa reshe biyu za su fito. Su ma idan sun yi tsawo ka tsinke kansu. Haka za ta cika ta yi duhu. Wadda aka bari ta miƙe yadda ta ga dama sanda guda za ta zama, ta yi fure da wuri, ganye ya ƙanƙance. Furen ma ka riƙa cire shi da zarar ya leƙo, sai gindi ɗaya da ka ware don iri.

Taki kuma a yi shi da hankali. Cikin hannu biyu na takin gargajiya bayan kowane babban yanka ya wadatar. Yuriya tana sa ganye ya yi fato-fato, kore shar, mai kyan gani a kasuwa, amma ruwa ne ya cika shi, ƙamshin ya ragu, kuma ƙwari sun fi son irinsa.

Da hunturu za ka ga ganye ya ƙanƙance, ya yi ƙura, wasu su zube. Ba mutuwa ta yi ba. Ka rage yanka, ka ba ta ruwa duk bayan kwana biyu ko uku, da hantsi. Bazara ce jarrabawa. Daga Maris zuwa Mayu ta bokiti tana son ruwa kullum, ta ƙasa kuma duk bayan kwana ɗaya ko biyu, da yamma. Ka lulluɓe gindin da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, amma ka bar ɗan fili tsakanin ciyawar da jikin itacen saboda gara. Gindin da ya tsallake bazararsa ta farko ya kafu. Daga nan zai yi shekaru yana ba da ganye.

Ƙamshinta yana kare ta daga ƙwari da yawa, amma ba duka ba. Darɓa da farin ƙuda kan taru a bayan sabon ganye, ya nannaɗe. A daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace a fesa da yamma, a dakata kwana uku kafin a tsinka, sannan a wanke. Maganin feshi irin na auduga ko na wake kada ya kusance ta. Idan kuma ka ga tana yaushi da rana alhali ƙasa da danshi, ka tono gefen saiwa ka duba. In ka ga ƙulli-ƙulli, wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, waɗanda ke addabar tumatir da kuɓewa. Babu gyara, ka ɗebi reshe mai lafiya daga sama ka dasa a wani wuri da sabuwar ƙasa, ka tumɓuke tsohuwar ka ƙone. Kaji ma abokan gaba ne ga sabon dashe, ba don suna ci ba, don tono. Tsohon kwando da aka kife ya isa.

Yanka da shanya

Wata uku bayan dashe ana iya fara ɗiba. Don bukatar yau da kullum a yanki kan reshe, gaɓa biyu ko uku, a saman wata gaɓa mai ganye, don ta sake toho daga nan. Kada a zage ganye a bar reshe tsirara, kuma kada a ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Sau ɗaya a shekara, da faɗuwar damina, a yi mata babban aski: a sare duk rassan a bar kamu ɗaya daga ƙasa, a zuba taki. Cikin 'yan makonni za ta dawo sabuwa. Idan gindi ya tsufa, itace ya yi yawa ganye ya ragu, a ɗebi reshensa a sabunta.

Lokacin tsinka shi ne hantsi, bayan raɓa ta bushe, zuwa kafin azahar. Wani bincike da aka yi a Burazil ya nuna sinadaran man suna sauyawa a cikin yini ɗaya, eugenol ya fi yawa wajen tsakar rana, ya ragu da yamma. Man kuma ya fi taruwa dab da lokacin da shukar za ta yi fure, don haka wanda zai shanya da yawa ya jira wannan lokaci.

Ɗanye ya fi busasshe, kuma wannan shi ne babban dalilin shuka ta a gida. Amma idan za a adana, a wanke, a kaɗe ruwan, a baza a kan tabarma ko faifai a cikin ɗaki mai iska ko rumfa, kada ganye ya hau kan ganye, ana juyawa. Da hunturu kwana uku zuwa biyar ya bushe. Da damina yakan fi haka, kuma sai an lura da fumfuna. Ganyen da aka shanya daidai yana nan da korensa, yana karyewa ƙaras. Wanda aka baza a rana a kan kwano ko siminti ya yi baƙi, ƙamshin ya tafi, saura ƙaiƙayi. A zuba a kwalba mai murfi ba tare da an daka ba, a ajiye a duhu, a riƙa murzawa lokacin da za a yi amfani. Bayan wata shida a buɗe a shinshina. In hanci bai ji komai ba, a zubar.

Shayinta, da ciwon ciki

Amfanin da aka fi saninta da shi daga Senegal har Kamaru shi ne gyaran ciki: kumburi, murɗa, tashin zuciya, rashin cin abinci, da gudawa marar tsanani. Gwaje-gwajen ɗakin bincike, da yawansu a jami'o'in Najeriya, sun nuna manta da ruwan ganyenta suna hana ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Shigella da Salmonella yaɗuwa a faranti, kuma a jikin dabbobin gwaji suna rage motsin hanji. Wannan ya yi daidai da abin da kakanni suka gani. Sai dai faranti ba cikin mutum ba ne, kuma gwajin da aka yi a kan mutane kaɗan ne.

Yadda ake yi: a tafasa ruwa kofi ɗaya, a sauke, sannan a yayyaga manyan ganye biyar zuwa bakwai a zuba, ko cokalin shayi biyu na busasshe, a rufe da murfi nan take. Bayan minti 10 a buɗe, a karkaɗa ruwan da ya taru a jikin murfin ya koma ciki, a tace a sha da ɗumi. Ana iya ƙara citta ko lemun tsami. Babba ya sha sau biyu ko uku a yini, na kwana biyu zuwa uku. Abin da aka saba yi, a cika tukunya da ganye a bar ta a wuta tana ɓararraka babu murfi har ruwan ya yi baƙi, gida duka ya ɗauki ƙamshi, to maganin ne ya cika gidan, abin da ya rage a tukunya ɗaci ne. Kanwa ma ba ta da aiki a ciki.

Ga gudawa, musamman ta yara, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma ɗoɗɗoya ba ta mayar da shi. Ruwan gishiri da sukari ne kan gaba: fakitin ORS a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, in babu shi a sa cokalin shayi shida na sukari, a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗayar. A haɗa wa yaro da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. Idan da jini a bayan gida, ko zawo kamar ruwan shinkafa, ko ido ya faɗa, ko yaro ya ƙi nono, asibiti za a nufa a lokacin.

Mura, tari da zazzaɓi

Sirace shi ne inda saurin tashin man ya zama alheri. A zuba cikin hannu biyu na ganye a roba mai faɗi, a kwara tafasasshen ruwa, a jira minti ɗaya ko biyu zafin ya ɗan sauka, a lulluɓa da zane a shaƙa minti biyar zuwa goma, ido a rufe. Yana buɗe hanci, yana sassauta majina. Ƙananan yara ba a yi musu. Ƙunar ruwan zafi ta fi murar muni, kuma tana faruwa. Mai asma ya yi hattara, ƙamshi mai ƙarfi kan tayar wa wasu. Tarin da ya wuce mako biyu, ko mai jini, ko mai zufar dare da rama, gwajin tibi yake bukata.

A Saliyo da Gana an daɗe ana shan ta da zafi don zazzaɓi, tana sa gumi, jiki ya yi sauƙi. Sauƙin gaskiya ne, amma ba ta kashe ƙwayar maleriya a jini. Zazzaɓi da damina, a yaro ko mai ciki musamman, a yi gwajin jini a ranar, in maleriya ce a sha cikakken maganin ACT. Shayin ya biyo baya don daɗin baki da cin abinci.

Akwai kuma al'adar ɗura wa yaro mai jijjiga haɗe-haɗe. A kudu maso yammacin Najeriya an san wani haɗi na fitsarin saniya da ganyen taba da tafarnuwa da albasa da ganyen ɗoɗɗoya, wanda likitocin Ibadan suka nuna yana faɗar da sukarin jini yana danne numfashi, kuma ya kashe yara. Yaron da ke jijjiga ba a sa masa komai a baki, ko ruwa. A kwantar da shi ta gefe, a kai shi asibiti.

Baki da fata

Shayin da aka yi da kauri, ganye ninki biyu, idan ya huce yana maganin warin baki da kumburin dasashi: a kurkure minti ɗaya a zubar, safe da dare. A nan akwai gwaji a kan mutane. A Fortaleza ta Burazil an gwada ruwan kurkure baki na ɗoɗɗoya, aka ga yana rage dattin haƙori da kumburin dasashi. Ma'aikatar lafiya ta ƙasar ma ta sa ta cikin jerin tsirrai 71 da ta fitar a 2009 don a zurfafa bincike a kansu. Tauna ganye a dafe a kan haƙori mai ciwo yana rage zogi na ɗan lokaci, kamar yadda kanumfari ke yi, amma ramin yana nan.

A fata ana murza ɗanyen ganye a shafa ruwan a kan makero, ƙyasbi, cizon ƙwaro da ƙananan ƙuraje, sau biyu a yini. A Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, Farfesa Lara Orafidiya da abokan aikinta sun gwada man shafawa da aka haɗa da man ɗoɗɗoya a kan ƙurajen fuska, suka buga sakamako mai kyau a 2002. A fara gwadawa a ɗan wuri a cikin hannu, domin wasu fatarsu na yin ja. Makeron da ke kan yaro, a cikin gashi, shafe-shafe ba ya kai wa ga saiwarsa, sai maganin sha. Rauni mai zurfi, ƙuna, ido da cikin kunne, duk ba wurin ruwan ganye ba ne.

Waɗanda za su yi hattara

A matsayin kayan miya, a farfesun kayan ciki ko na kifi, a fate ko dafa-duka, kowa na iya ci, har mai jego, kuma a zuba ta a ƙarshe, minti biyu kafin a sauke. Maganar ta sauya idan aka koma shan ta da kauri kullum. Mai ciki ta tsaya a abin da ke cikin miya. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kawai. Mai ciwon sukari da ke shan magani ya sani gwaji a dabbobi ya nuna tana saukar da sukari, haɗuwarsu na iya saukar da shi fiye da kima, kuma ba ta maye gurbin maganinsa. Mai shan maganin tsinka jini, ko wanda za a yi wa tiyata, ya bar ta, domin eugenol na rage daskarewar jini. Tataccen manta da ake sayarwa a 'yan kwalabe kuwa wani abu ne daban: ɗanyen ganye kilo 100 da ƙyar yake ba da kilo ɗaya, ka ga ƙarfin da ke cikin ɗigo guda. Ba a shan sa, ba a shafa shi tsura sai an sirka da man zaitun ko man kaɗe, kuma a ɓoye shi daga yara.

Sauro da rumbu

A 1903 wani jami'in mulkin mallaka da ke aiki a yankin Lokoja, Kyaftin Larymore, ya ba da labarin cewa tukwane uku ko huɗu na wannan shuka a kewayen gadonsa sun sa yana barci babu gidan sauro. Maganar ta yi tashe a Ingila, har aka riƙa neman irin. Da likitoci suka gwada a Saliyo, sai aka ga sauro na cizo abinsa ga shukar a ɗaki. Dalili a fili yake: ganyen da ke kan itace ba ya sakin mai da yawa sai an murza shi ko an ƙona. Murzajjen ganye a hannu da ƙafa yana korar sauro na ɗan lokaci, wajen hirar tsakar gida. Turara shi a kasko da magariba ma yana fitar da su daga ɗaki, amma a yi ƙofa da taga a buɗe, a fitar da garwashin kafin a kwanta, domin hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa. Barci kuma a cikin gidan sauro mai magani.

A wajen ajiyar hatsi, busasshen ganye da aka jera tsakanin wake a tulu ko a tukunya yana rage ɓarnar ƙwaro na 'yan watanni, idan waken ya bushe sosai kuma an toshe bakin. A sa cikin hannu ɗaya a kowace tiya biyu ko uku, a sabunta idan ƙamshin ya tafi. Wannan na waken ci ne na gida. Mai buhu-buhu da zai ajiye har bazara ya nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, ya ɗaure kowace leda daban.